Tsakanin Mai Shago da Mai Gida: Baƙi Biyu a Birnin Toronto

Akwai wata gardama da ba ta tsufa a zango. Duk inda 'yan kasuwa suka shimfiɗa tabarma bayan an rufe rumfa, sai ka ji an tayar da ita: su wane sun fi mu ci gaba, su wane jiya-jiya suka zo amma ga shi har sun tayar da benaye. Gardamar nan da wuya ta ƙare da daɗi, domin kowa da mudun da yake awo da shi. Wani kuɗin hannu yake dubawa, wani gida, wani kuwa 'ya'ya. Yau ina so mu ɗauke ta mu kai ta nesa, inda ba mu da dangi kuma ba mu da abokin hamayya, don mu kalle ta da sanyin zuciya. Mu je Toronto, birni mafi girma a Kanada, mu dubi al'ummomi biyu na baƙi: mutanen Masedoniya da mutanen Fotugal.

Abin da ya sa na zaɓe su shi ne sun yi kama da juna a farkon tafiya. Dukansu manoman ƙauye ne daga Turai. Dukansu sun sauka ba su jin Turanci, karatun bokonsu kuma bai taka kara ya karya ba. Da yawa daga cikinsu sun zo ne da niyyar su tara ɗan abin da za su tara su koma gida, sai zama ya kama su. Gari ɗaya, sanyi ɗaya, doka ɗaya. Amma hanyar da kowa ya bi wajen neman arziki daban ce, kuma abin da 'ya'yansu suka gada ma daban ne.

Masu cin rani daga duwatsun Balkan

Masedoniya yanki ne a kudu maso gabashin Turai. A yau wani ɓangarensa ƙasa ce mai cin gashin kanta, Masedoniya ta Arewa, wani ɓangaren yana cikin Girka, wani yana cikin Bulgeriya. A farkon ƙarni na 20 duka yankin yana hannun Turkawa. Ƙauyukansu a kan duwatsu suke, gona ba ta ciyar da gida shekara guda, don haka tun kaka da kakanni maza sukan fita nema su dawo. Suna da suna ga wannan al'ada, suna ce mata pecalba. In ka ji bayaninta, ba ka buƙatar tafinta: cin rani ne, irin wanda muka sani.

A 1903 mutanen yankin suka yi wa Turkawa bore, aka murƙushe su, aka ƙona ƙauyuka da dama. Daga nan cin ranin ya yi nisa, ya tsallaka teku har Amurka da Kanada. Waɗanda suka sauka a Toronto yawancinsu daga ƙauyukan da ke kewayen garuruwan Lerin da Kostur suke, waɗanda Girkawa ke kira Florina da Kastoriya. Zuwa 1910 sun haura mutum dubu a garin, kusan dukansu maza. Aikin da ɗan gari ba ya so shi suka kama: mayanka, masana'antar narka ƙarfe, shimfiɗa layin dogo, haƙa ramuka. Sukan cunkushe a gida ɗaya, 'yan ƙauye ɗaya, a haɗa kuɗin cefane, a yi girki bi da bi, a matse ciki don a aika gida.

Abu biyu suka yi da wuri waɗanda nake so mu riƙe. Na farko, tun wajen 1907 suka fara kafa ƙungiyoyin taimakon juna, kowane ƙauye da tasa, irin su ta mutanen Zhelevo da ta mutanen Oshchima. Kowa ya biya kuɗin ƙungiya. In mutum ya kwanta ciwo a tallafa masa, in ya mutu a yi masa sutura, in sabon zuwa ne a nema masa makwanci da aiki. Na biyu, a 1910 suka haɗa kuɗi daga aljihunsu suka kafa cocinsu, wanda ya zame musu wurin ibada, wurin taro, kuma wurin jin labarin inda ake ɗaukar ma'aikata.

Sai yaƙin Balkan na 1912 da 1913 ya zo, aka raba ƙasarsu tsakanin Girka da Sabiya da Bulgeriya. Gidan da suke tara kuɗi don su koma ya canza hannu. Nan fa da yawa suka yanke shawara: tunda komawa ta yi wuya, a kawo iyali. Mai cin rani ya zama mazaunin gari. Bayan yaƙin basasar Girka na 1946 zuwa 1949 wasu suka ƙaru, daga baya kuma wasu suka zo daga Yugoslabiya.

To, mutumin da ya san zama ya zo yi, lissafinsa yakan canza. Maimakon su dawwama a leburanci, sai suka fara shiga gidajen abinci. Mutum ya fara da wanke-wanke a bayan kicin, ya koyi girki, ya koyi 'yan kalmomin karɓar baƙo, ya tara ɗan jari, ya haɗa hannu da ɗan ƙauyensu su buɗe nasu. In ya zauna da gindinsa, ya ɗauko ƙane ko ɗan ɗan'uwa daga gida ya sa shi a wurin wanke-wanken da ya baro. Haka sana'ar ta yi ta haihuwa, har gidajen abincinsu a Toronto suka kai ɗaruruwa. Abin ya yi yawa har wani mai bincike, Harry Herman, ya rubuta littafi a kansu a 1978. Wasu kuma suka buɗe mahauta, kantin kayan masarufi, gidan burodi, shagon aski.

Ga wani abu da ɗan kasuwa zai so ya ji: ba abincin ƙauyensu suke sayarwa ba. Abin da ɗan Kanada ya saba ci shi suke dafa masa, kuma sunan Turanci suke sa wa shagon. Su kaɗan ne, in suka ce da 'yan'uwansu kaɗai za su yi ciniki, rana ɗaya ba za su kai ba. Dole ta sa suka fuskanci kasuwar gari gaba ɗaya, dole kuma ta sa suka koyi harshen gari.

Daga cikin irin waɗannan shaguna manyan sunaye suka fito. Steve Stavro, wanda aka haifa a 1926 a wani ƙauye kusa da Kostur, yana yaro aka kawo shi Toronto, ya tashi a ƙaramin kantin mahaifinsa. Shi ya gina manyan kantunan abinci na Knob Hill Farms, har ya kai ga riƙe ƙungiyar Toronto Maple Leafs ta wasan hoki, wadda a Kanada ake ji da ita kamar yadda ake ji da manyan kulob na ƙwallon ƙafa a wajenmu. Akwai gidan Bitove: uban ya yi suna a harkar abinci, ɗansa John ya jagoranci kawo ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors wadda ta fara wasa a 1995, wani ɗan nasa Jordan kuma shi ke riƙe da jaridar Toronto Star. Jikan baƙon da ba ya iya karanta jaridar gari, yau shi ne mai ita.

Masu gini daga tsibiran teku

Labarin mutanen Fotugal ya fara ne bayan shekara hamsin. Ranar 13 ga Mayu, 1953, wani jirgin ruwa mai suna Saturnia ya tsaya a tashar Halifax ɗauke da rukunin farko na ma'aikata da gwamnatocin ƙasashen biyu suka yi yarjejeniyar kawowa. Ba su kai mutum ɗari ba. An raba su gonaki da layin dogo, amma kaɗaici da ƙarancin albashi suka koro da yawa zuwa birni. Daga nan kowa ya riƙa ɗauko matarsa, ƙanensa, surukinsa. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970 suka yi ta kwararowa dubbai a kowace shekara.

Mafi yawansu daga Azores suke, wasu tsibirai tara a tsakiyar tekun Atilantika, nesa da babban yankin Fotugal. Me ya koro su? Talauci, ƙarancin ƙasar noma, da mulkin kama-karya na Salazar, wanda ya riƙe ƙasar daga 1932 zuwa 1968. Ga kuma yaƙin da Fotugal ke yi a nan Afirka, a Angola da Mozambik da Gine-Bisau, daga 1961 zuwa 1974, wanda ake kwasar samari da ƙarfi a tura su. Uba mai ɗa namiji da ya kusa shekarun soja, in ya sami hanyar fita ba ya jira. A ƙarƙashin wannan mulki, karatun dole na talaka bai wuce aji uku zuwa huɗu ba har tsakiyar shekarun 1960, kuma a 1970 kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Fotugal bai iya karatu da rubutu ba. Mu riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

A Toronto suka fara zama a unguwar kasuwar Kensington, inda Yahudawa suka zauna kafin su, daga baya suka bazu yamma a kan titin Dundas, wurin da har yau ake kira Ƙaramar Fotugal. Maza suka kama aikin gini: kankare, birkila, kafinta, shimfiɗa titi. Mata suka shiga masana'antu, da yawa kuma suka kama sharar ofisoshi da dare. Miji ya fita da asuba, ya dawo da yamma, matar ta miƙa masa yara ta fita, sai tsakar dare ta dawo.

Burin kowane gida ɗaya ne: a mallaki muhalli. Mutumin da ya taso a ƙasar da mai gona shi ne mutum, ba ya jin ya tsaya da ƙafarsa sai ya ga takardar gida da sunansa. Sukan sayi tsohon gida da bashin banki, su gyara shi da hannunsu tunda sana'arsu ce, 'yan'uwa su taya su ranar hutu, su zauna a ɗaki biyu su ba da sauran haya, su shuka kayan miya da inabi a bayan gida. Duk wanda ke iya aiki a gidan, albashinsa cikin bashin yake faɗawa, har a biya shi cikin 'yan shekaru. Masu bincike sun daɗe suna sa su cikin al'ummomin da suka fi kowa mallakar gida a Toronto. Kuma gidajen nan da aka saya da araha a wancan lokaci, a yau da yawansu sun haura dalar Kanada miliyan ɗaya.

Sun kuma gane amfanin haɗa kai, sai dai ta wata ƙofa. Ban da kulob-kulob na garuruwansu, maza suka cika ƙungiyar ƙwadago ta magina, musamman reshe na 183 na ƙungiyar LIUNA, wanda ke da mambobi dubun dubata. Ta nan lebura ya sami albashi mai kauri, da inshorar lafiya, da fansho. Matan ma ba a bar su a baya ba. A 1984 masu shara kimanin 250 na ginin First Canadian Place, bene mai hawa 72, yawancinsu matan Fotugal, suka yi yajin aiki na mako shida har aka ƙara musu albashi. Matan da ake gani kamar ba su da baki, su suka tsaya a titi a gaban manyan bankunan ƙasar.

Amma akwai inda gizo ke saƙa. Bashin gida yana son hannu da yawa, kuma a lokacin doka ta yarda yaro ya bar makaranta yana ɗan shekara 16. Ga kawu a wurin gini yana cewa a turo shi, ga albashin da ya fi na wasu masu digiri a farkon aiki. Uban da aji huɗu ya yi, kuma ya ga ya mallaki gida da aji huɗun, da wuya ka gamsar da shi cewa yaro ya ƙara shekara shida yana cin kuɗi maimakon kawowa. Su ma makarantun suna da nasu laifin, domin sun daɗe suna karkasa yara tun daga shiga sakandare, ana tura 'ya'yan baƙi ajin da ba ya kai mutum jami'a, iyaye kuwa ba su jin Turancin da za su yi musu. A 2006 hukumar makarantun gwamnati ta Toronto ta fitar da rahoto kan yaran da suka shiga sakandare a 2000. A cikin masu jin harshen Fotugal, kusan kashi 43 cikin 100 sun fice ba su gama ba, kuma babu wani rukuni da ya kai su. Gaskiya ne ba duka 'ya'yansu ke waɗannan makarantu ba, da yawa suna makarantun Katolika, amma adadin ya girgiza al'ummar. Binciken Michael Ornstein na Jami'ar York kan alƙaluman ƙidaya shi ma ya nuna suna cikin masu ƙarancin digiri a birnin.

To, wa ya fi?

Kafin mu yanke hukunci, mu yi adalci. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Mutanen Masedoniya sun riga su zuwa da shekara hamsin, wato kusan zuriya biyu. Lokacin da ɗan Fotugal ke sauka daga jirgi da akwati ɗaya, ɗan Masedoniya yana da shago, ɗansa kuma haifaffen Toronto ne. In ka auna jikan wannan da ɗan wancan, ka yi awon zalunci.

Sai yawa. A ƙidayar Kanada ta 2016, kimanin mutum 480,000 suka ce asalinsu Fotugal ne, kimanin 43,000 kuma suka ce Masedoniya. Adadin na biyu ya gaza gaskiya, domin da yawa sun shigo da fasfo na Turkiyya ko Girka ko Bulgeriya ko Yugoslabiya, kuma har yau akwai jayayya a kan suna da asali, wadda ba ita ta tara mu ba. Duk da haka tazarar babba ce. Yawa yana da daɗi: ɗan Fotugal zai iya yin shekara talatin a Toronto yana aiki, yana cefane, yana ganin likita, yana zuwa banki, duk da harshensa. Amma wannan daɗin shi ne tarkon. Wanda unguwarsa ta wadace shi ba ya jin matsin koyon harshen gari, kuma duk abin da ke wajen unguwar sai ya zame masa duhu, har da makarantar ɗansa.

Sannan kada manyan sunaye su ruɗe mu. Attajiri ɗaya ba ya nuna halin dubu. A bayan kowane Stavro akwai ɗaruruwa da suka tsufa a tsaye a bayan kanta, suna buɗewa da asuba suna rufewa da tsakar dare, ba hutu ba fansho. Shi kansa Knob Hill Farms, a 2000 mai shi ya sanar da rufe shi, kantunan ba su kai ga wata zuriya ba. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai birkilan Fotugal da bai taɓa fitowa a jarida ba, amma yana da gida biyu ba bashi, fanshonsa na shigowa duk wata.

Yanzu mu ɗauko mudu uku. In kuɗin wata ne, magini ɗan ƙungiya ba ya jin kunyar kowa, sau da yawa ma ya fi mai ƙaramin gidan abinci. In kadara ce, mutanen Fotugal sun yi abin a yaba, kuma cikin ɗan lokaci. Amma in mudun shi ne abin da ke rage maka ranar da jiki ya ƙi, nan lissafi yake juyawa. Aikin gini da gwiwa da baya ake yin sa, kuma su biyun suna da wa'adi. Ranar da harkar gine-gine ta tsaya, ko tsani ya zame, mai ƙarfin hannu kaɗai ba shi da wata ƙofa. Yaron da ya tashi a shago kuwa, ko bai so ba ya koyi lissafi, ya koyi magana da kowane irin mutum, ya ga yadda ake hulɗa da banki da mai haraji da lauya. A nawa karatun, wannan ne babban gadon da mai farin gyauton kicin ya bar wa ɗansa. Kuma da yake ya san zafin tsayuwar, bai so ɗan ya gaje ta ba, sai ya sa ribar shagon ta biya kuɗin makaranta. Shago ya zama tsani, aka taka aka wuce.

Su ma mutanen Fotugal ba su kwanta ba. Iyaye sun kafa ƙungiyoyi sun yi ta fafatawa da hukumar makarantu kan karkasa yara. 'Yan kasuwarsu da ma'aikatansu sun kafa tarayya a 1981 wadda ke ba ɗalibai tallafin karatu. An buɗe shirye-shiryen koyar da yara bayan an tashi daga makaranta. A 2006 lardin Ontario ya ɗaga shekarun barin makaranta zuwa 18, daga baya kuma aka soke karkasa yara a ajin farko na sakandare. Charles Sousa, wanda mahaifinsa yana cikin 'yan zuwan 1953, ya riƙe muƙamin ministan kuɗi na Ontario daga 2013 zuwa 2018. Ana Bailão, wadda ta zo daga Fotugal tana budurwa, ta zama mataimakiyar magajin garin Toronto. Magina da yawa sun zama 'yan kwangila masu ma'aikata. Ana cike giɓin, sai dai an yi asarar zuriya guda kafin a farga, kuma shekarun yaro ba sa dawowa.

Abin da ya shafe mu

Ban kawo wannan labari don mu sha mamakin Turawa ba. Na kawo shi ne don na ga fuskokinmu a ciki. Mu ma da cin rani da fatauci muka fito, da niyyar shekara biyu, ga shi wasunmu sun aurar da jikoki a Kumasi da Yawunde da Kwatano. Ta fuskar sana'a mun fi kama da mutanen Masedoniya, domin mu mutanen shago ne. Amma ta fuskar zama mun fi kama da mutanen Fotugal. A Nima ko Sabon Zango a Ankara, ko Birkitiri a Yawunde, mutum zai iya rayuwa da Hausa kaɗai har ya tsufa. Kuma abin da wurin gini ya yi wa ɗan Fotugal, shi rumfa take yi wa namu. Na fi shekara talatin a kasuwa, kuma ba zan iya ƙirga yaran da na gani an cire su daga aji ba don Alhaji yana buƙatar amintaccen hannu a kan aljihun tebur. Yaron yana murna ya fara riƙe kuɗi, uban yana murna ya huta da biyan yaron shago. Bayan shekara goma, in takardar kwastan ta zo da Faransanci ko Turanci, sai a nemi ɗan wani a biya shi ya karanta. In hukuma ta ce za ta tashi kasuwa, babu ɗanmu ko ɗaya a teburin da ake yanke maganar.

Ba cewa nake a raba yaro da kasuwa ba. Kasuwa makaranta ce, kuma mun ga abin da ta yi wa 'ya'yan masu gidan abinci. Ya zo rumfa da yamma, ya zo ranar hutu, ya koyi ciniki da haƙuri da mutane. Amma safiyarsa ta aji ce, namiji ne ko mace, har ya kai inda ƙwaƙwalwarsa za ta iya kai shi. Albashin yaron shago da kake gudun biya, shi ne kuɗi mafi araha da za ka taɓa kashewa.

Na biyu, maganar gida. Da yawanmu muna zuba duk abin da muka samu a ginin da ke can garinmu, wanda ba ma kwana a cikinsa sai mako biyu a shekara, alhali a nan inda 'ya'yanmu ke tashi haya muke biya shekara ashirin. Ban hana kowa gini a gida ba, mafaka ce, kuma wanda ya san tarihi ya san amfaninta. Amma mutanen Fotugal sun sayi gida a inda suke zaune, ya ba su makwanci, ya ba su kuɗin haya, ya kuma yi daraja. Mutanen Masedoniya ma ba su fara ginuwa ba sai da suka yarda cewa zama ya kama su. In dokar ƙasar da kake ciki ta ba baƙo dama, kuma takardun fili tsaf suke, a yi lissafin nan da idon basira.

Na uku, takardu. A 2006 hukumomin Kanada sun mayar da magina 'yan Fotugal da iyalansu gida saboda ba su da izinin zama, wasunsu sun yi shekaru suna aiki, 'ya'yansu na makaranta. Iyayenmu a Gana sun ga irin wannan a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Dukiyar da ba ta da takarda a bayanta aro ce. A sabunta katin zama, a yi wa kowane yaro takardar haihuwa, a yi wa shago rajista.

Na huɗu, haɗin kai mai littafi. Muna da adashe, muna da zumunci, in an yi rasuwa muna tara gudummawa a take. Amma ɗan kasuwa ba shi da ƙungiyar ƙwadagon da za ta ba shi fansho. Abin da manoman Zhelevo suka yi a 1907 bai fi ƙarfinmu ba: kuɗin wata ƙayyadadde, ma'aji biyu, littafi a buɗe, asusu a banki, da ƙa'idar wa za a ba da kuma yaushe. In aka ware wani kaso don kuɗin makarantar marayun zango da yaran da suka yi fice, cikin shekara goma sha biyar za mu sami namu lauya da namu akanta. Kuma a sa mata a cikin lissafin. Gidan ɗan Fotugal da albashi biyu aka saye shi, kuma kowa ya san gidaje nawa ne a zango ke tsaye a kan tuyar ƙosai da ɗinkin uwargida.

In ka tambaye ni wa ya fi arziki tsakanin su biyun, zan ce wanda ya fara da shago ya riga kaiwa, wanda ya fara da gida yana biye da shi da sauri, kuma abin da ya jinkirta na biyun ba lalaci ba ne, domin babu wanda ya fi shi aiki. Gaggawar cin amfanin yaro ce. Mu kuwa Allah ya ba mu shagon tun daga kakanni, abin da wasu sai da suka yi shekaru suna wanke kwano kafin su samu. Saura mu san abin da za mu saya da ribarsa.

Kafin a buɗe makarantu, kowane maigida ya zauna da uwargida su ƙirga yaran gidan, har da na riƙo da 'yan'uwan da aka ɗauko daga gida: wa ke aji, wa ya fita, kuma me ya fitar da shi. Wanda bai yi nisa ba, a mayar da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya yi wa nema albarka, ya raya mana zuriya.